Dilar Kwat ta Yusta Kyando

Duk wanda ya san Yusta Kyando yanzu, da shagunanta a Njombe da Makambako da babbar motarta da ke hawa tudu duk farkon sanyi, da wuya ya yarda in aka ce masa shekaru ta kwashe tana yawo a titunan Dar es Salaam da riguna rataye a hannu, tana raɓe-raɓen inuwar gine-gine. To, haka aka yi. Mu da muka fito gari ɗaya da ita, can saman duwatsun Makete, mun gani da idonmu, wasunmu har da yi mata dariya, ko da yake yau in ka tambaya kowa zai rantse maka tun farko ya hango mata arziki.

A wajenmu, in aka haifi yaro, uba kan samu gefen tudu ya dasa masa itatuwan katako. Ba a taɓa su sai sun ƙosa, sai yaron ya kai munzalin da zai buƙace su, sannan a kira masu zarto. Da su ake karatu mai zurfi, da su ake gina ɗaki. Mijin Yusta ya rasu 'yarsu Tulizo tana goye, bai bar ko takun ƙasa ba. Sai mahaifin Yusta, tsoho Anania, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya hau tudun bayan gida ya yi ta haƙa rami yana dasawa, ɗaya bayan ɗaya, har ya cika wurin. Ya ce wa 'yarsa: "Ga sakandaren Tulizo nan na shuka. Ke dai ki ciyar da ita, saura aikin ƙasa ne."

Ciyarwar ce ta kai Yusta birni, ta faɗa sana'ar gwanjo ta ƙofar da kowane mara jari ke shiga. In mai dila ta fasa dilarta, wato ƙaton ƙunshin tsofaffin tufafin Turai, masu abin hannu ke fara zaɓe, su kwashe na gani na faɗa. Na biye da su su tsince mai dama-dama. Abin da ya rage, mai ɓallen maɓalli, mai tabon miyar wani Bature, shi ne rabon irin su Yusta. Takan kai gida ta wanke, ta ɗinke, ta goge da dutsen guga na gawayi har rigar ta manta wahalar da ta sha, sannan ta bi ofis-ofis da gidajen gyaran gashi tana tallatawa. Ruwa ya dake ta, masu korar 'yan talla sun bi ta da gudu, sau biyu sun ƙwace mata kaya. Washegari sai ka gan ta a gindin rumfar Bi Zuhura tana tsince-tsince kamar ba ita ba.

Bi Zuhura 'yar bakin teku ce, ƙatuwa, mai baki kamar reza da zuciya mai kyau, kuma ita ce mai dilar da Yusta ke tsinta a ciki.

"'Yar dankali," haka take kiran ta saboda dankalin da ake nomawa a garinmu, "ke kam ba kya gajiya? Wannan rigar ko kare aka sa wa sai ya kai ƙara."

"Bari dai ki gan ta gobe, Anti. Ke da kanki za ki taya."

"Allah ya kiyaye! Ni da na san asalinta?"

Yusta tana dariya, amma abu ɗaya na cin ranta. Hannunta ya fi na kowa sanin yadi a wannan layin, ga shi kullum ita ce ta ƙarshe a zaɓe. Ta duba ta ga in ta ci gaba a haka, sai ta tsufa tana wanke ragowar wasu. Tana son ta tsaya a kan dilarta, ita ma a kewaye ta ana jiran ta yanke wayar ƙarfen da aka ɗaure dilar da ita. Kuma abu ɗaya tak take da shi a duniya da zai iya sayen dila.

Lokacin Tulizo tana aji biyu na firamare, itatuwan ba su kai rabin girmansu ba. Akwai masu sayen irinsu a tsaye, su sare su yi sandunan gini, su biya abin da bai taka kara ya karya ba. Ko yaro a Makete ya san wanda ya sayar da ɗanyen itace ya yi wauta. Yusta ma ta sani. Ta yi makonni tana juya maganar, sannan ta buga wa yayanta Ezekiya waya.

"Kin haukace ne?" in ji shi da ƙarfi, har sai da ta janye wayar daga kunne. "Ki sare karatun yarinya don tsummokaran Turawa? Tsohon nan da rarrafe ya dasa su, Maman Tulizo, da rarrafe!"

"Yaya, ba ni Baba."

Ta ji ƙarar ƙofa, ta ji tarin tsohon. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye masa cewa abin na iya ɓaci ba. 

"Naki ne," ya ce. Bai ƙara ko kalma ba.

Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Wannan "naki ne" ta bi ta har cikin sito ranar da ta je sayen dila, Bi Zuhura na gaba tana fifita da gefen mayafi.

Mai siton wani tsoho ne, Hamduni, kowa na ce masa Mzee, wato dattijo. Dilolin da ke da takarda a jiki, an rubuta ko rigunan mata ne ko na yara, duk sun fi ƙarfin abin da itatuwan suka kawo. Amma can ƙurya akwai wata da ruwa ya wanke wa takarda tun a tashar jirgi, ba wanda ya san cikinta, don haka an karya mata kuɗi. Dila kuwa ba a buɗe ta kafin a saya, wannan doka ce da ta girmi kowa a kasuwar. Abin da ake yi shi ne a danna ta da gwiwa, a shinshina, a leƙa in buhun ya ɗan yage. Bi Zuhura ta yi duka ukun, da irin fuskar likita. Ta danna ta ji laushi. Ta sami wata 'yar ɓaraka ta zura yatsa, ta jawo gefen wani yadi mai santsi, shuɗi da furanni ja.

"Siliki!" ta raɗa wa Yusta. "Dogayen rigunan mata ne, in na yi ƙarya ki daina gaishe ni. Shekarata nawa a wannan harka?"

Mzee Hamduni ya ɗaga yatsa. "'Yata, kin dai san sharaɗi. In aka yanke waya, ba ni ba ke."

"Na sani, Mzee."

Aka turo dilar a kura har gaban rumfar Bi Zuhura. Watan Fabrairu ne, irin zafin nan na Dar da mutum ke wanka da gumi tun hantsi. Labari ya zaga cewa 'yar dankali za ta fasa dilarta ta farko, mata suka kewaye, masu zaɓen farko suka matso gaba suna naɗe hannun riga. Yusta ta yi addu'a a ranta ta yanke wayar. Dilar ta kumbura ta baje.

Kwat ne. Manya-manyan kwat na ulu masu nauyin ɗan akuya, jaket masu auduga a ciki, masu gashi a wuya, irin waɗanda ake sawa a ƙasashen da ruwa ke daskarewa a famfo. Silikin nan mai furanni kuwa shafin cikin wata doguwar kwat ce mai ruwan toka.

Wata ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka.

"Maman Tulizo, Turai za ki koma ne ba mu sani ba?"

"A ba ni ɗaya in sa wa mijina, in ga ko zai narke!"

Bi Zuhura ba ta yi dariya ba. Ta zauna daɓas a kan benci. Daga baya ta ce a hankali: "Ni na cuce ki, ƙawata. Akwai masu cusa katifa, za su saya a kan nauyi. Ki rage asara."

Yusta ta ce a'a. Ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin buhu. Ba ta yi kuka a kasuwa ba, sai da ta rufe ƙofar ɗakinta.

Nan ne masu ba da labarinta ke yin kuskure. Suna cewa wai wata rana dabara ta faɗo mata, ta tuna akwai garin da ake sanyi. Sam ba haka ba ne. Macen da ta girma tana fasa ƙanƙara a bakin bokiti da safe ba ta buƙatar a tuna mata. Tun kwat ɗin farko da ta ɗaga ta san inda ake neman ta ruwa a jallo. Abin da ya hana ta shi ne hanyar zuwa can ta bi ta gindin tudun da aka sare, kuma a ƙarshen hanyar akwai tsohon da ya ce "naki ne". Kunya ce ta riƙe ta, ba rashin wayo ba.

Ta koma tsince-tsince a dilar Bi Zuhura, ta koma yawon ofis-ofis. Buhun kwat ya cinye rabin ɗakin, ita da Tulizo suka matse a sauran, suna shaƙar warin ulu cikin zafi. Duk ranar da rana ta fito da kyau takan baza su a kan rufi don kada su yi fumfuna, maƙwabta na leƙe suna ƙyaƙyatawa. Ta ɗinke aljihun da ya yage, ta sauya maɓallai, ta goge wuyan kowace. Har damina ta zo ta wuce tana wannan hidima, ba ta kira gida ba ko sau ɗaya.

Ezekiya ne ya kira, farkon watan Yuni, kuma ba don ya tambayi dila ba.

"Sanyi ya sauko da wuri bana," ya ce a daƙile. "Ya ƙone ganyen dankali. Tsohonki ba ya iya barin bakin murhu, hayaƙi na ƙara masa tari. Na ce in faɗa miki, kada ki ce ba a faɗa miki ba."

Ta kalli buhun da ke ɗakinta. Ga ɗumin da zai ishi ƙauye guda tana ajiye da shi a garin da ake neman iska, ubanta kuma na can yana shan hayaƙi, duk don kada a kalle ta. Abin ya ba ta haushin kanta ƙwarai. Ta bar Tulizo wajen Bi Zuhura, aka ɗaure buhun a saman motar safa.

Ta isa ranar kasuwa da safe, gajimare na kwance a kan hanya. Motar ta bi ta gindin tudun. Ta yi niyyar kawar da kai, ta kasa. Kututture ne jere reras, ciyawa ta fara rufe su. Ba ta nufi gida ba, ta sa aka sauke ta a kasuwa, ta shimfiɗa leda a ƙasa kusa da masu sayar da alkama, ta zazzage kayan.

Mu a lokacin abin da ke iso mana na sanyi 'yan suwaita ne da suka bi hannu uku kafin su hau tudu, sun yi sirara kamar tankaɗe. Da su da tsofaffin barguna muke fama. 'Yan acaɓa ne suka fara tsayawa, masu cusa kwali a ƙirji don tare iska. Ɗaya ya sa jaket mai gashi a wuya, ya ja zif har haɓa, ya tsaya shiru kamar wanda ya shiga coci. Bai cire ba, a jikinsa aka yi ciniki. Sai masu zarto, sai malaman makaranta, sai tsofaffin mata suna kwance bakin zane. Kafin rana ta take tsaka an yi mata da'ira, ana miƙo hannu ta saman kawuna, irin da'irar da ta yi shekaru tana mafarki.

Ezekiya ya ratso taron, hannu a hammata, haƙora na kaɗawa.

"To, ga sakandaren Tulizo a ƙasa ana tattakawa," ya ce da ƙarfi don a ji.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Tsummokara dai, kamar yadda na faɗa." Ya sa ƙafa ya ɗan taɓa wata baƙar jaket. "Wannan ta fata ce ko roba?"

"Gwada mana ka ji."

"Ni? Me zan yi da ita?" Ya ɗauka, ya zura hannu, ya gyara kafaɗa. "Ta ɗan matse ni. Ba ki da wadda ta fi ta kaɗan?"

Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce masa: "Baban Neriya, tsumman ya karɓe ka fa!"

Guda ɗaya Yusta ta hana, ta zauna a kanta tun safe, mai ruwan tokar nan da shafin furanni, wadda ta yaudare su a sito. Da la'asar ta rungume ta ta hau zuwa gida. Ƙafafunta sun fi nauyi a wannan 'yar tafiyar fiye da duk yawon Dar.

Tsohon na zaune a kan kujerar tsuguno a madafa, ya kusa shigewa cikin wuta, idanunsa sun yi ja da hayaƙi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Tulizo. Ta ɗora masa kwat ɗin a cinya. Ya shafa ulun, ya juya ya shafa silikin, ya daɗe yana murza shi da yatsu.

"Su ne itatuwan?" ya ce.

"Ɗaya daga ciki, Baba."  "Ka yafe mini. Na sare su ɗanyu."

 Ya miƙa hannu ta taimaka masa ya sa. Kwat ɗin ta mata ce, maɓallanta ta hagu suke, ta sauko masa har ƙwauri. Ya ɓalla su duka har wuya, ya lalubi sandarsa.

"Tashi mu fita. Na gaji da hayaƙin nan."

Ta zaci tudun zai kai ta ya nuna mata ɓarnarta. Sai ya zaga da ita bayan ɗaki, inda aka yi wata 'yar rumfar ciyawa. A ƙarƙashinta ƙananan ledoji ne cike da ƙasa, jere kamar 'yan makaranta, kowace da ɗan tsiron itace bai fi yatsa ba.

"Tun ranar da na ji ƙarar zarto na fara," ya ce. "In ruwa ya sauka sai a dasa tsakanin kututturen. Ba za su riski karatun Tulizo ba, wannan kuma ya koma wuyanki, ke kika ɗauka. Ni ma ba zan ga yankansu ba." Ya juyo ya kalle ta sosai. "Waɗannan kam kada ki yi musu gaggawa."

Yusta ta tsuguna a gaban tsiron ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun Fabrairu. Tsohon ya tsaya a kanta cikin kwat ɗin mata, yana kallon duwatsu, har ta gama.

Da ta koma Dar ba ta sayi dilar rigunan mata ba, ko da yake yanzu tana da halin saye. Ta tafi wajen Mzee Hamduni ta tambaye shi ko yana da dilolin kwat.

"Ina da su, sun tokare mini sito, ba mai ko kallon su. Ke ba ki daddara ba?"

"Duka nake so, Mzee. Wanda kuɗina bai kai ba ka ajiye mini."

Bi Zuhura ta dafe ƙirji. "'Yar dankali, wancan karon tsautsayi ne, ni na ja miki. Wannan kuma da idonki biyu!"

"Da idona biyu, Anti."

Ta zuba duk abin da ta samo, ba ta rage ko na takalmi ba. Ba kowace shekara ta yi daɗi ba. Akwai shekarar da sanyi ya yi sauƙi kaya suka kwana, akwai wadda mota ta kife da dilolinta cikin taɓo ta yi mako tana wanki a rafi. Wasu suka ga tana samu suka biyo ta, sai ta wuce gaba zuwa ƙauyukan da mota ba ta son shiga. Takan saya cikin zafi lokacin da masu sito ke roƙon a raba su da kayan, ta adana, ta hau tudu da su in ganyen dankali ya fara ƙonewa. Daga shimfiɗar leda ta koma rumfa, daga rumfa ta koma shago. Ezekiya ne ke kula mata da na Makambako yanzu, kuma in ka zauna da shi zai gaya maka shi ya ba ta shawarar kwat. Tulizo ta yi sakandare ta wuce, duk a kan ulun Turawa.

Tsoho Anania ya dasa tsironsa da damina, Yusta na haƙa yana nuna mata tazara da sanda. Ya ƙara shekaru kaɗan, kuma ba a sake ganin sa ba tare da kwat ɗin ba, a coci ko a gona ko wajen biki. Ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya masa ta mata ce. Ya rasu itatuwan ba su wuce tsayin ɗaki ba.

Yanzu sun ƙosa, sun ma wuce. Su ne mafi kauri a duk gefen tudun, masu zarto na wucewa suna haɗiyar yawu. Duk sanyi in Yusta ta kawo kaya takan hau can ita kaɗai, sanye da kwat mai ruwan toka da gwiwar hannunta ta sha faci, ta zaga cikinsu tana dafa su. Bara wani mai sayen katako ya bi ta har can, ya yi tayin da ya sa Ezekiya ya kusa shiɗewa.

"Mama, itace fa in ya kai yanka ake yi," in ji mutumin. "Me kike jira kuma?"

Ta ɗaga kai ta kalli rassan, ta gyara wuyan kwat ɗin.

"Mai su ya ce kada in yi musu gaggawa," ta ce.